A bar shi a sel ya ji jiki, ko a je belinsa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, don Allah ki ba ni shawara kaina ya kulle. Ɗana ne ɗan shekara 15 'yan sanda suka kama shi da abokansa biyu wai sun ɗauke wa wani waya, shi dai ya ce gadi kawai ya yi musu bai taɓa wayar ba. Yayana ya ce kar wanda ya je belinsa, a bar shi ya sha ɗauri ko na wata uku ne, in ya ga uwar bari zai shiryu. Ni kuma zuciyata ta ƙi, amma ba na so in zama uwar da ke ɗaure wa ɗa gindi. Ya zan yi?
Daga wata uwa

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya shirya mana zuri'a. Ki tashi ki je, yau ba gobe ba.

Na san yayanki ba mugunta yake nufi ba, zafin zuciya ne, kuma wannan dabara ta a tsorata yaro da kurkuku ba shi ya fara ta ba. A shekarun 1970 an yi ta a Amurka, a kwashi yara masu rawar kai a kai su gidan yarin Rahway da ke jihar New Jersey, manyan fursunoni su tasa su gaba da ihu da barazana wai don su ji tsoro, abin ya yi farin jini har wasu jihohi suka kwaikwaya, toh da masu bincike suka zo suka bi sawun yaran irin waɗannan shirye-shirye sai aka ga waɗanda aka kai ɗin sun fi komawa laifi a kan waɗanda ba a kai ba. Wannan fa ziyarar 'yan awoyi ce kawai. Ina ga wata uku? Yaron da ya shiga yana rawar jiki, a ɗaki ɗaya da wanda ya ƙware a fasa shago, wa kike zaton zai zama malaminsa? Zai fito da sabbin abokai, karatu ya wuce shi, ga tambarin ɓarawo a goshi.

Shi ya sa ma aka ware wa yara kotunsu daban, ta farko an buɗe ta a Chicago tun 1899. Yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda kusan duk ƙasashen duniya suka amince da ita, ta faɗa ƙarara a sashe na 37 cewa tsare yaro shi ne mataki na ƙarshe in babu yadda za a yi, a taƙaita lokacin iya yiwuwa, a raba shi da manya, kuma a ba shi damar ganin lauya da danginsa. Ba wai kullum ake bin hakan ba, shi ya sa sai iyaye sun tsaya da ƙafarsu.

Amma fa kar ki ruɗi kanki. Shekarun da doka ke fara kama yaro sun bambanta, Ingila 10 ne, Jamus 14, kuma ɗan 15 a yawancin ƙasashe za a iya gurfanar da shi. Batun gadi kuma, kar ki biye wa daɗin bakinsa, mai gadi da mai ɗauka duk jirgi ɗaya ya kwaso su a idon doka.

In za ki tafi ki riƙe takardar haihuwarsa, don da yawa rigimar daga nan take farawa, a rubuta wa yaro 18 a haɗa shi da manya. Kar ya sa hannu a kowace takarda sai ke ko lauya na wajen, ki tambaya da su wa aka ajiye shi, sannan ki sa lauyan ya nemi a yi sulhu da mai wayar in dokar wajenku ta ba da dama.

Sulhun nan ba sakin laifi ba ne. A New Zealand tun 1989 suka sa shi cikin doka, a zaunar da yaro da danginsa da wanda ya zalunta a tsara yadda zai biya. Ki kwatanta ɗanki zaune kansa a ƙasa, mutumin yana gaya masa da bakinsa cewa a wayar nan yake neman abincin iyalinsa, kwana uku bai yi ciniki ba. Wallahi ya fi bulala ciwo. Kuma kar ki zaro kuɗi ki biya masa a ɓoye, ya yi aiki da hannunsa ya biya, ko zai ɗauki wata shida.

A wannan zaman ne yayanki zai yi amfani. Tunda yana da zafi, ki roƙe shi ya zo ya zauna, ya ɗauki nauyin sanin inda yaron yake bayan an tashi makaranta da su wa yake yawo, musamman waɗannan abokan biyu, ko kin san sunayensu ma kafin ranar?