Makaranta na son sa ɗana a rukunin masu saurin fushi: in sa hannu?

Wata 'yar'uwa daga Manchesta ta rubuto cewa ɗanta mai shekara 8, wanda suka taho da shi daga Kano bara, ya yi faɗa sau uku a filin wasa. Makaranta ta aiko takarda tana neman izinin sa shi a ƙaramin rukunin koyon danne fushi da zama da yara. Tana tsoron abin ya taɓa bizarsu, maigida kuma ya ce a mayar da yaron wurin kakarsa.

Hajiya, ki sa hannu. Wannan rukuni ba horo ba ne, kuma fom ɗin sabunta biza ba ya tambayarsa. Abin da ya fi dacewa ki ji tsoro shi ne a bar yaron haka, domin a Ingila daga shekara 10 doka na iya kama yaro da laifi.

Galibi yara 4 zuwa 6 ne, sau ɗaya a mako, minti 30 zuwa 45, na tsawon mako 6 zuwa 8. Da farko ana koya wa yaro gane alamun jikinsa: zuciya na bugawa, hannu ya dunƙule, fuska ta yi zafi. Sai ya auna fushin daga 1 zuwa 5. A mataki na 3 ake son ya ɗauki mataki, ya ja numfashi a hankali sau biyar ko ya nuna katin neman fita, don in ya kai 5 kunnensa ya toshe. Daga nan sai kwaikwayo: yadda ake neman shiga wasa, jiran layi, da abin faɗa in an ci ka a ƙwallo.

Kafin a fara, ki nemi ganin malamar da ke kula da yara masu buƙatu na musamman a makarantar, wadda ake kira SENCO, ki yi mata tambaya uku. Su wa ke cikin rukunin? In duk masu faɗa aka tara, junansu za su koya wa rashin ji. Ana buƙatar yara masu natsuwa a ciki. Me ke faruwa minti biyu kafin kowane faɗa? Yaron da Turancinsa bai nuna ba, aka yi dariyar lafazinsa, hannu ne zai rama masa abin da baki ya kasa. In tsokana ce, makaranta na da ƙa'idar hana cin zali a rubuce, ki nemi a yi aiki da ita. Sannan wa zai tuna masa darasin a filin wasa? Nan ne abin ya fi lalacewa: yaro ya iya a ɗaki, a waje ya manta. Ki kuma gaya musu cewa sunkuyar da kai gaban babba ladabi ne a wurinmu, don wasu malamai taurin kai suke ɗaukarsa.

A gida ku karɓi kalmomin da rukunin ke amfani da su, ku maimaita da Hausa minti 10 kullum, lokacin da yake cikin natsuwa. Abin da muka sani tun a islamiyya, cewa mai fushi ya nemi tsari, in yana tsaye ya zauna, ko ya yi alwala, ya dace da wannan tsari sarai. In ya haɗiye fushi ko sau ɗaya, ki yabe shi nan take, ki faɗi abin da ya yi.

Bulala kam a ajiye ta. Sikotilan ta haramta dukan yara a 2020, Wales a 2022, a Ingila ma dukan da ya bar tabo laifi ne, kuma wajibi ne malami ya kai rahoto. Ban da haka, yaron da ake duka don ya daina duka, darasin da yake ɗauka daban ne.

Maganar kaka, ku dakata. Yaron da bai gama sabawa da ƙaura ɗaya ba, ta biyu za ta ƙara masa ƙunci, kuma kwana 20 na karatu a jere ba izini na iya sa a cire sunansa daga makaranta. Ku bar shi yana hira da kakar ta bidiyo duk Juma'a. In zango ya ƙare ba sauyi, ko yana ji wa kansa ciwo, ko barci ya gagara, ki kai shi wurin likitanku na unguwa, wato GP, ki nemi a tura shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwar yara, wato CAMHS, ki tafi da takardun makarantar duka.