Kurkum zai iya maganin karkarwar hannun Baba?

Ɗan'uwa, ka ce likita ya tabbatar Babanku na da cutar Parkinson, kuma wani a Agege ya ba ka shawarar kurkum da masoro don rage kumburin ƙwaƙwalwa. Allah ya ba shi lafiya.

Maganar kumburin gaskiya ce. A wannan cuta ƙwayoyin halittar ƙwaƙwalwa da ke samar da sinadarin dopamin, wanda ke taimakawa wajen sarrafa motsin jiki, suna mutuwa a hankali, masu gadin ƙwaƙwalwa da ake kira maikroglia kuma suna ta da kumburi a wurin. Sinadarin kurkumin da ke cikin kurkum ya rage wannan kumburi a gwajin ɓeraye. A jikin mutum kuwa hanji ba ya tsotse shi sosai, abin da ke kaiwa ƙwaƙwalwa kaɗan ne. Shi ya sa ake haɗa shi da masoro don hanji ya fi tsotse shi, amma ƙwayoyin kurkumin masu ƙarfi sun taɓa lahanta hantar wasu, kuma suna karo da magungunan tsinka jini. A sa kurkum a miya, wannan ba laifi.

Abin da ya fi damuna shi ne kada a ajiye levodopa saboda ganye. Shi ne maganin da ya fi rage karkarwa da sandarewar jiki, kuma dainawa farat ɗaya na da haɗari.

Ku kai Baba sashen likitocin jijiya na LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, a Idi-Araba, ka tafi da duk abin da yake sha a leda su gani. Kuma ya riƙa tattaki kullum, motsa jiki na taimakawa ƙwarai.