Ko ya dace a sayi bugun Blu-ray na High and Low?

Ɗan'uwa, ka ce kana da tsohon faifan DVD na High and Low, fim ɗin Akira Kurosawa na 1963, kana tambaya ko ya dace ka ƙara kuɗi ka sayi Blu-ray ɗin (faifan da ya fi DVD tsabtar hoto) da kamfanin Criterion ya fitar a 2011. Ni dai na ce ka saya.

Dalilina shi ne yadda aka ɗauki fim ɗin. Kusan awar farko duk a falon Gondo ake, wanda jarumi Toshiro Mifune ya fito a matsayinsa, attajirin kamfanin takalma a Yokohama, wanda aka nemi ya biya yen miliyan 30 bayan an yi kuskuren sace ɗan direbansa a maimakon ɗansa. Hoton mai faɗi ne, Kurosawa kuma ya cika shi da mutane: 'yan sanda a gefe, matar gida a can, direban ya sunkuyar da kai a lungu ya kasa buɗe baki. In hoton ya dusashe, fuskokin nan ba sa fita, alhali rabin labarin a kansu yake. Haka ma hayaƙin nan mai ruwan hoda da ke tashi a tsakiyar fim baƙi da fari, sai a bugu mai tsabta yake ba da armashi.

Sai dai ka duba na'urarka tukuna. Blu-ray na Criterion na Amurka a kulle yake da shiyyar A, wato na'urar da aka yi wa wata shiyya daban ba ta kunna shi, na'urorin da aka yi wa Afirka da Turai kuwa na shiyyar B ne. Fassarar da ke ƙasan allo ta Turanci ce kawai.