Amsa: firinta na nuna matsalar moto

Malam, ka ce da ka kunna firintarka sai ta yi ƙara, mazaunin tawada (abin da ke ɗauke da tawada yana kai da komo) ya tsaya cak, ta nuna matsalar moto. Kada ka yi saurin sayen sabon moto, da wuya ya zama shi ne ya mutu. Firinta ba ta ganin moton, motsinsa kawai take ƙirgawa, ko me ya tare hanya sai ta ɗora masa laifi.

Zare wayar daga soket, ka buɗe murfi, ka tura mazaunin tawadar hagu da dama a hankali. In ya cije, kada ka tilasta shi. Haska tocila ka nemo guntun takarda ko fil.

In yana tafiya sumul, duba bayansa. Akwai wani siririn leda mai ƙananan layuka, da shi sensa, wato ƙaramar na'urar da ke karanta layukan, ke gane inda mazaunin yake. Ɗigon tawada ko maiƙo ɗaya ya isa ya rikita ta, har ka ji mazaunin yana dukan gefe da ƙarfi. Goge ledan da tsumma mai laushi da ɗan ruwa. Ni ba na son sa masa sinadari, yana iya cinye layukan. Ka kula kada ya fita daga ƙugiyarsa.

Sai ka duba bel, wato robar da moto ke jan mazaunin da ita, ko ya saki ko haƙoransa sun cinye.

In firintar Canon ce, lambar matsala 5100 ɓangaren mazaunin tawada take nufi, 6000 kuma ɓangaren jan takarda. Wace lamba taka ta nuna?