Dalilin da ya sa na dawo miki da fassarar

'Yata, jiya da yamma kin tare ni a bakin ƙofar ofis, takarda a hannu, idonki ya ciko, kika ce: "Hajiya, babu kalmar da ban duba a ƙamus ba, me ya sa kika dawo min da aikin duk jan biro?" Lokacin ana kiran magariba, ga cunkoson Zoo Road yana jirana, shi ya sa na ce ki bari in rubuto miki a natse.

Gaskiyarki, kin duba ƙamus, na ga alama. Amma kafin ki ɗora biro, kin tambayi kanki wa zai ji takardar nan? Na ce ji, ban ce karanta ba. Takardar wayar da kan mata masu juna biyu ce. Da yawansu ba za su riƙe ta da hannunsu ba. Malamar asibiti ce za ta karanta musu ranar awo, suna zaune a kan benci, wata na goye da yaro, wata hankalinta na kan tukunyar da ta baro a gida. Jimlar da ba ta shiga kunne a karo ɗaya ba ta tafi ke nan.

Duba layi na huɗu. Mai takardar yana nufin a sha maganin ƙarin jini kafin a ci abinci. Ke kuma kika bi sawun Turancin kika rubuta "a sha a kan cikin da babu komai". Mace mai cikin wata bakwai za a faɗa wa haka! A wurinta ciki ɗaya ne, wanda take ɗauke da shi, sai ta ce to wannan magani ba nata ba ne. Da kin ce "a sha da safe kafin a karya kumallo", magana ta ƙare. Ƙamus ba zai gaya miki wannan ba, ko na Bargery na 1934, ko na Jami'ar Bayero na 2006 da ke kan teburina, duk da ba na wuni ban buɗe su ba.

Inda na fi danna biro shi ne wurin da kika rubuta "ƙayyade iyali". Ni ma na taɓa rubuta shi, farkon fara aikina, wa wata ƙungiya. Aka buga, muka tafi wani ƙauye a gwada. Ina karantawa tsakar gidan ya yi tsit. Wata ta gyara mayafi ta miƙe, wata ta bi bayanta. Da aka watse, wata tsohuwar ungozoma ta kama hannuna ta ce, "'Yar nan, mu ba ma ƙayyade abin da Allah yake bayarwa. Amma in hutu kike so a ba uwa tsakanin haihuwa da haihuwa, wannan mun san shi tun kafin a haife ki, mu da muke goyon shekara biyu." Daga ranar nake rubuta "tazarar haihuwa", kuma shi za ki ji yanzu a asibitoci da gidajen rediyo. Ke ƙarama ce a 2003 lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar nan ta Kano, saboda zargin cewa an sa masa abin hana haihuwa, ba a ci gaba ba sai 2004. Mutanen garin nan ba su manta ba. Duk kalmar da ta taɓa haihuwa, da kunne biyu suke saurarenta, kuma ban ga laifinsu ba.

Sai ƙugiya, wato lanƙwasar da ke kan haruffa irin su ɓ, ɗ da ƙ. Sau uku kika rubuta "bari" inda ake nufin ɓari. A takardar masu juna biyu wannan ba ƙaramin kuskure ba ne. Ki sa madannin Hausa a kwamfutarki yau ɗin nan. In aikin na mutanen Maraɗi ko Damagaram ne, ki tuna su ƴ suke rubutawa inda muke rubuta 'y, kuma aron kalmominsu daga Faransanci yake zuwa. Ki tambayi mai aiki tun farko ina takardar za ta.

Na san abin da ke ranki: ai mai aikin bai iya Hausa ba, ba zai gane bambanci ba. Shi ya sa ma ya zo wurinmu. Amana ya ba mu wadda ba zai iya bin diddiginta ba. Da na buɗe kamfanin nan, bayan na yi masa rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, sau da yawa in na shiga ofis neman aiki sai a leƙa bayana a ce, "Ina ogan naku?" Ban taɓa yi musu gardama ba. Nakan ce su ba ni shafi ɗaya, su kai wa duk Bahaushen da suka yarda da shi ya karanta da ƙarfi. Abin da ya dawo da su ke nan, kuma shi yake biyan albashinki da na sauran yaran. Shafi ɗaya da aka yi wa riƙon sakainar kashi ya isa ya rushe shi.

Don haka ne ma in an kawo min fassarar na'ura aka ce "ɗan duba mana kawai" a kan rubu'in kuɗi, nake cewa a'a. Ba na ƙin na'ura, muna amfani da ita wajen adana kalmomin da muka tsayar don kada Hausarmu ta bambanta daga shafi zuwa shafi. Amma gyaran jimlar da aka ɗora a kan ƙashin Turanci ya fi sabuwar fassara cin rai, kamar warware ɗinkin da aka yanka a karkace ne. Kin ga aikinki na jiya ma haka yake: kalmomin Hausa ne, tafiyar ta wani harshe ce. Ki nemi tsofaffin kofe na Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939 Abubakar Imam yana edita, ki ga yadda suke kawo labarin yaƙin duniya da Hausar da dattijo a zaure zai ji ya gyaɗa kai.

Kada jan biron ya karya miki gwiwa, 'yata. Sakin layi na ƙarshe, inda kika yi bayanin alamomin naƙuda, ban taɓa ko wasali ba, domin a nan kin manta da Turancin kin yi magana kamar da yayarki kike yi. Gobe in Allah ya kai mu ki rufe takardar asalin, ki karanta kowane sakin layi sau biyu, ki kife shi, ki faɗi abin da ya ce da bakinki, sannan ki rubuta. Bayan azahar za mu sauka wurin mai ƙosan da ke bakin layi, ki karanta mata. Duk inda ta ce "me?", ki ja layi a wurin.