Amsar tambayar Yaya da labarin ƙauyen Ballinlass

Assalamu alaikum jama'a. Yaya, na ji muryarka, kana tambaya wai wane suna ne wannan da ke cikin adireshina, tunda ba gari ba ne kuma ba titi ba ne. To, a nan ƙasar Ayalan, taunland suke ce masa. Wani ɗan yanki ne na karkara, gonaki da 'yan gidaje, wani ma bai kai unguwa ɗaya ta Kano ba. Sun haura 60,000 a tsibirin. Kafin a kawo lambar gidan waya ta Eircode a 2015, da sunan nan ɗan aike yake gane gidan mutum a ƙauye.

Amma bari in ba ku labarin guda ɗaya da ya tsaya mini a rai, Ballinlass, kusa da Mountbellew a gundumar Galway.

A 1845 cuta ta faɗa wa dankalin turawa, wanda shi ne tuwon talakan ƙasar safe da dare. Yunwa ta fara shigowa ke nan. Su mutanen Ballinlass manoma ne 'yan haya, filin na wata mata ne mai suna Marcella Gerrard. Ranar 13 ga Maris 1846 aka zo da sojoji da 'yan sanda, aka fitar da su, mutum kusan 300, aka ɓalle rufin gidaje, aka rushe bango. Yaya, abin da ya fi ci mini rai, mutanen nan ba bashin haya ake bin su ba. Kuɗinsu na hannu. Ita dai ta lissafa ta ga kiwon shanu ya fi kawo riba, sai ta zaɓi shanu.

Da dare suka koma cikin kufai suka kwana, mata da yara, cikin sanyin nan na Maris wanda ko da rigar sanyi biyu sai ka ji shi a ƙashi. Washegari aka dawo aka kore su daga nan ma. Maƙwabta kuma aka hana su ba su masauki. Maganar har majalisar dattawan Ingila ta kai, tunda Ingila ke mulkin Ayalan a lokacin, wani ɗan majalisar mai suna Lord Londonderry ya tayar da ita a ƙarshen watan, amma doka tana bayan mai ƙasa, ba a mayar da kowa ba.

Yunwar ta ci rai kusan miliyan ɗaya, wasu kamar haka suka shiga jirgin ruwa zuwa Amurka da Ingila. Yanzu idan ka je Ballinlass, ciyawa ce da shingen duwatsu, sai wani abin tunawa da aka gina da siffar rusasshen gida. Na tsaya a wajen na daɗe, wallahi idona ya cika.

Hajiya, ke da kika ce in turo hoto, zan nemo shi a waya in sa yanzu insha Allah.