Amsa: Fim ɗin katun na jarumai, ya dace yara su kalla?

Hajiya, kin ce ɗanki mai shekara 8 ya turo katun ɗin Batman daga shagon masu tura fim a Garwa, kuma kin ga jini a ciki. Tsoronki na kan hanya. Ba kowane katun aka yi wa yara ba.

Fara duba alamar shekaru. A tsarin Amurka, G da PG na iyali ne, PG-13 gargaɗi ne ga iyaye cewa wasu wurare ba lallai su dace da ɗan ƙasa da 13 ba, R kuwa ɗan ƙasa da 17 ba ya shiga silima sai da babba. Misali, katun ɗin Batman: The Killing Joke na 2016 R aka ba shi: akwai harbi, azabtarwa da cin zarafin mace. Zanen kama yake da na yara, shi ya sa mai shago ke zuba shi a jaka ɗaya da sauran.

Matsalar ita ce, fim ɗin da aka tura a waya yakan zo babu alamar. Sai ki rubuta sunansa da shekararsa a Google. Kada ki dogara da minti biyar na farko, don munanan wuraren sukan zo tsakiya. Ja shi gaba ki leƙa wuri huɗu ko biyar.

A tashoshin Faransa kuwa, alamar -10, -12, -16 ko -18 tana fitowa a kusurwar allo ta ƙasa, wato fim ɗin bai dace da wanda bai kai waɗannan shekarun ba. Dikodan Canal+ na da lambar sirri ta iyaye. Ki canza wadda ya zo da ita, yara sun riga sun san ta.

Wannan katun da ɗanki ya turo dai ki goge shi, ki gaya masa dalili a hankali.